Rabin Kalmar Efren

Lahadi, 9 ga Oktoba

Efren ya mutu. Ƙarfe goma da wani abu na safe, a wurin aikinsu a Jubail, nan ƙasar Larabawa, da abin walda a hannunsa. Zuciya, in ji su. Shekara arba'in da ɗaya. Autanmu.

Ban yi kuka ba. Na ajiye wayar asibitin da nake aiki, na ƙarasa rubuta wa wata tsohuwa ranar da za ta dawo a duba mata ido.

Litinin, 10 ga Oktoba

Girlie, wadda muke ɗaki ɗaya, ta raka ni. Awa ɗaya da rabi daga Khobar inda muke zaune, bakinta bai huta ba, na gode mata da hakan.

A mutuware suka jawo shi daga durowa kamar kifi. Shi ne. Ƙunar nan ta wuyan hannu, kunnen nan da ya fi ɗan'uwansa fitowa. Ga ɗan gemun da na yi ta zolayarsa a kai tun bara, ina cewa tsabar ƙiwar aski ce. Efren da ke kwana da safa a tsakiyar zafin Afrilu, ga shi a cikin ƙanƙara.

Sai takarda. Ma'aikacin ya miƙo min in tabbatar da suna. Efren Macatangay, daidai. A ƙasa da biro: Harun. Addini: Musulunci. Na ce sun yi kuskure, ƙanena Katolika ne, ni na riƙe kyandir ranar da aka yi masa baftisma. Mutumin bai yi musu ba, ya ciro wata takarda mai hatimi. Shaidar musulunta, shekara biyu da wata uku da suka wuce. Sa hannun Efren, da wannan E ɗin da ya kasa gyarawa tun aji ɗaya.

A waje wani dattijo yana tsaye, farar hula, furfura, idanu ja. Da ya buɗe baki na ji harshen garinmu.

“Malama Soling? Ni ne Abdulwahab. Ɗakinmu ɗaya da marigayi.”

“Uwarka ce ta raɗa maka wannan sunan?”

“Artemio ta sa min. Temyong.”

“To, Kuya Temyong, yaushe kuka sace min ƙane?”

Kuya na ce masa, wato yaya, don furfurarsa. Ya sunkuyar da kai. Na so ya amsa.

Talata, 11 ga Oktoba

Shekara biyu da wata uku. Duk bayan wata biyu muna haɗuwa mu ci abinci, ban lura ba. Yaya zan lura? A ƙasar nan kowa Musulmi ne a gaban faranti. Ya daina shan giyar da suke haɗawa a ɓoye cikin jarka, na ɗauka hanta ce ta fara yi masa gargaɗi. Yakan tashi ya ce zai zaga, ya daɗe. Na ce masa ya je a duba masa mafitsara.

Ni da na koyar da tarihi shekara goma sha huɗu a sakandare, mai gano yaron da ya kwafi amsa daga yadda ya riƙe biro.

Na kira Nanay. Uwar tamu ta riga ta ji daga kamfani, amma mutuwar kawai ta ji. Ba ta ihu, magana take a hankali, abin da ya fi ihu muni.

“Ya ce min zai dawo, Soling. Da bakinsa, a watan Yuni. Balik, ya ce. Na sa an yi wa ɗakinsa fenti. Aladen da nake kiwata masa ya kai gwiwata. Ki kawo min shi. Gurbin kabarin da ke gefen babanku nawa ne, na bar masa.”

Na ce to, Nanay. Ban faɗa mata sauran ba. Shekararta saba'in da takwas.

Laraba, 12 ga Oktoba

Wakilin kamfani, da turarensa mai hawa kai, ya ajiye min takardu biyu. Ni ce dangi mafi kusa a ƙasar, Nanay ta ba ni wakilci, don haka hannuna ake jira.

Ta farko: a mayar da shi gida. A zare masa jini, a cika shi da magani, akwatin da aka liƙe, jirgi. Mako shida, watakila takwas, yana cikin durowa har hatimai su cika.

Ta biyu: a binne shi a nan. Kwana biyu an gama. Ba akwati, ba suna a kan kabari, mata kuma ba sa shiga maƙabarta.

Ya ce, da tattausar murya, tunda Musulmi ne abin da ya fi dacewa a sani yake, amma zaɓi nawa ne. Na san wadda ta fi wa kamfani sauƙi. Na ɗauki duka biyun na sa a jaka. Ta farko na cike ta tun a mota, sa hannu kawai ya rage.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Balik. Kalmar nan ta ishe ni. Komawa, dawowa. Wanda ya je ƙasar waje ya dawo gida da kwalaye, balikbayan ne. Su kuma waɗannan ba sa cewa sun canza addini, a'a, wai balik-Islam ne su, komawa suka yi. Wai tsibiranmu na Musulmi ne kafin Sifaniyawa su zo da gicciye da bindiga.

Na sani. Na rubuta shi a allo ya fi sau ɗari, cewa masu mulkin Manila, babban birninmu, Musulmi ne lokacin da jiragen suka iso. Amma kakata, har ta mutu, sai ta nemi izinin iskokin suri kafin ta watsa ruwan zafi a tsakar gida. In komawa za a yi tsakani da Allah, to mu koma suri. Mutum bai taɓa zuwa wuri ba, ta yaya zai koma?

Shekara goma sha ɗaya ina kallonsu. Direban da ke son uban gida ya daina kiransa da “kai”. Magidancin da ya bar mata a gida, ƙasarmu ba saki, ya ga wata nas, sai ga shi da hula da kalmar shahada da amarya. Girlie ta ce ta san wani bakanike da ya musulunta sau biyu a ofisoshi biyu saboda agogon da ake ba su kyauta.

“Ate, mazanmu dama da kaciyarsu suke zuwa,” in ji ta, tana yanka albasa. Ate take ce min, wato yaya. “Shi ya sa abin ba ya yi musu tsada. Ki ce wa ɗan wata ƙasar sai an taɓa wurin, ki ga imani yana gudu.”

Na yi dariya har na ji kunya.

Duk yinin yau ina neman rabon Efren. Ba a ƙara masa matsayi ba. Babu mace, tun da matarsa ta bi wani shekara tara baya bai ƙara waiwayar kowa ba. Na fi so in kama shi da munafunci. Munafuki zan iya sa shi a jirgi da zuciya ɗaya.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Temyong ya kawo kayansa. Ba a barin mace ta shiga sansaninsu, don haka a ƙofar gidanmu ya sauke, shi da wani ɗan Bangladash da ya tuƙo shi. Jaka ɗaya, darduma a naɗe, da babban kwalin da muke aikawa gida, cike har rabi. Sabulai, gwangwanayen nama, man zafi na gwiwa, da baƙin mayafi mai leshi irin wanda Nanay take yafawa zuwa coci. Musulmin nasu yana saya wa uwarsa mayafin coci.

Na tsaya a bakin ƙofa cikin abaya, shi a ƙasan matakala, kamar masu cinikin kifi.

Na tambaye shi me ya sa Efren bai faɗa min ba.

“Tsoronki yake ji, Malama. Ya ce Ate Soling za ta jero min littattafai uku da shekarun da aka yi kaza, ni kuma ba ni da amsa. Ya ce shi dai ya san tun da ya fara sa goshi a ƙasa yake iya barci.”

Na ce maganin barci ma yana yin wannan aikin, kuma ba ya canza wa mutum suna.

Sai maganar Yuni. Ashe Temyong yana zaune a gadonsa lokacin da aka yi wayar. Mako guda Efren yana maimaita yadda zai faɗa wa Nanay, har a banɗaki. Ya kira, ya gaishe ta, ya tambayi gwiwa, sannan ya ce, Nanay, akwai abin da na yanke, ni yanzu balik… Bai kai ga rabi na biyu ba. Ta fasa ihu, ta kira maƙwabta, ta ce autana zai dawo, ta fara lissafa wanda za a gayyata. Temyong ya ce yana jiyo muryarta daga inda yake. Efren ya riƙe wayar yana cewa e, Nanay, e, Disamba. Da ya ajiye sai ya tafi ofis ya nemi hutun Disamba, tunda ya riga ya faɗa.

Rabin kalma. An yi wa ɗaki fenti, an kiwata alade, a kan rabin kalma.

Wawa. Wawa tun yana yaro. Ba ya iya ɓata wa mutum rai ko da zai cece shi ne.

Asabar, 15 ga Oktoba

Aiki. Wani mutum ya yi min tsawa saboda likita ya makara. Na yi masa murmushi na ce masa da harshenmu Allah ya sa ɗaya idon ma ya tafi.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Mako guda yana cikin sanyi.

A aljihun jakarsa na sami littafin rubutu irin na ’yan firamare. Haruffan Larabci, layi bayan layi, manya, karkatattu, kamar kaza ta bi ta kan siminti ɗanye. A bayan littafin, karatun salla da haruffanmu, ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da harshensa ke tuntuɓe. Kowane shafi da kwanan wata. Na ƙarshe ranar bakwai ga wannan watan ne. Ya tsaya a tsakiyar layi.

Ni na koya masa karatu. Yana juya b da d, ina buga masa rula a yatsu, yana kuka, Nanay tana cewa ki bar shi, hannu Allah ya ba shi ba kai ba. Har ya girma ban taɓa ganinsa ya buɗe littafi da son ransa ba. A nan ma yana juya su, ɗigon da ya kamata ya zauna a ƙasa yana kai shi sama. Amma shafi tamanin da wani abu, ba mai rula a kansa.

Ba agogo ba ne wannan.

Nanay ta kira sau biyu. Ta yi magana da fada na cocinmu, ta yi magana da masu kafa rumfa. Tana so a kwana tara da shi a falo kamar yadda aka yi wa Tatay, babanmu. Na ce takardu ne suke jan lokaci. Gaskiya ce, sai dai takardun suna cikin jakata.

Litinin, 17 ga Oktoba

Temyong ya kira a lokacin hutun rana. Ya yi ta zagaye kafin ya zo kan magana. Wai bara wani ɗan garinsu ya rasu, shi ma balik, Efren yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar. A hanyar dawowa ya ce, Kuya, in tawa ta zo haka nake so, wanka da farin ƙyalle da ƙasa, kar a ajiye ni, kar a yanka ni.

Na ce, “Ka rubuta? Ya sa hannu? Ko akwai wani shaida ban da kai da hularka?”

“Babu, Malama.”

“To ka san abin da kotu take kiran irin wannan.”

“Na sani. Ba kotu na kira ba, yayarsa na kira.”

Na kashe wayar. Tsohon banza, yana da baki ashe.

Talata, 18 ga Oktoba

Ban so rubuta wannan ba.

Lokacin da Tatay ya mutu ina da shekara ashirin, Efren sha biyu. Mai gyaran gawa ya cika masa fuska da hoda, ya shafa masa jan baki, ya taje masa gashi zuwa gefen da bai taɓa tajewa ba. Mutumin da rana da gishirin teku suka gasa shekara hamsin, ga shi a ƙarƙashin gilashi kamar ’yar tsana. Kwana tara. Maza suna karta a rumfa, mata suna addu'a a falo, kowa yana cewa kai, kamar barci yake. A rana ta uku na sami Efren a bayan bishiyar mangwaro yana amai. Ya riƙe min siket ya ce, Ate, in na mutu kar ki bari su shafa min jan baki.

Na ce masa yi min shiru, ka share bakinka, baƙi suna kallo.

Ba Temyong ne ya faɗa min wannan ba. Ba limami ba, ba kamfani ba. Babu wanda zan zarga da ƙirƙira shi. Na nemi hanyar da zan ce ban tuna daidai ba, babu.

Abin da ke ƙona ni: da ya faɗa min, da na yi masa kaca-kaca. Da na yi. Da na fara daga tarihi na gangaro har kan albashinsa. Ya san ni, shi ya sa ya gwammace in ɗauka mafitsara ce.

Laraba, 19 ga Oktoba

Na faɗa wa Nanay. Na shiga ɗakin ajiye fayil na rufe ƙofa, na faɗa mata duka: takardar, sunan, wayar Yuni, abin da balik ɗinsa yake nufi.

Na duba ko layi ya yanke. Ina jin zakara a bayanta.

“Moro ya zama?”

“Musulmi, Nanay.”

“Ɗaya ne. Su ne suke zuwa da jiragen ruwa suna kwashe mutane, kakarku ta faɗa.”

“Shekara ɗari biyu ke nan, Nanay. Efren walda yake yi.”

“Kar ki yi min karatu. Ki kawo shi, fada zai yayyafa masa ruwa, ba wanda zai sani.”

Na ce ni zan sani. Na ce mata maganar mangwaro. Na ce zai kai Disamba a cikin durowa kafin a gama takardu, kuma ta san shi da sanyi.

“To ina zan kunna masa kyandir? Ke mai ilimi, faɗa min. Ranar matattu saura kwana goma sha uku. Kowa zai je wurin nasa da furanni da abinci. Ni in tsaya a ina?”

Littattafai nawa na karanta, babu ko ɗaya da ya zo.

Ta ce, “Na haifi biyu, ƙasar nan ta cinye min duka. Ɗaya ta ɗauke masa rai, ɗaya ta ɗauke mata zuciya.” Ta ajiye.

Na fito na ci gaba da kiran sunayen marasa lafiya.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Na sa hannu. A ta biyu.

Wakilin kamfani ya fara cewa Allah ya saka min. Na ce ya riƙe addu'arsa, ba don shi na yi ba, kuma in ya ƙara murmushi zan yage ta.

Asabar, 22 ga Oktoba

An gama.

Temyong da wasu biyu suka yi masa wanka. Kafin su rufe fuskar suka kira ni. Ba hoda, ba komai. Fatarsa ce, da tabon da ƙarfe ya yi masa a haɓa, da ƙamshin kafur. Kamar ranar da Nanay ta miƙo min shi a tawul ta ce riƙe ƙanenki, kar ki yar. Na taɓa kunnen. Sanyi. Na ce masa wawa, a hankali, da harshenmu. Ina jin Temyong ya ji, ya kau da kai.

Bayan la'asar suka sallace shi. Ni da Girlie muna sama, wurin mata, a bayan katako mai huji-huji, ba mu san abin da za mu yi da hannuwanmu ba. Girlie ta yi alamar gicciye a cikin abaya. Daga hujin na ga sahu bakwai ko takwas. ’Yan Bangladash, ’yan Pakistan, wasu dogayen ’yan Sudan, mutanenmu masu hula, da ’yan ƙasa cikin fararen riguna da suka zo sallarsu suka tarar da gawa. Ba su san shi ba. Shekara goma sha shida yana ƙasar nan, yau ne karon farko da na ga Efren a gaba, Larabawa a tsaye a bayansa.

Ban san ko wannan ya sanyaya min rai ko ya ƙara tunzura ni ba. Sai da ya mutu.

Suka ɗauke shi da sauri, kafaɗa zuwa kafaɗa, kamar masu gudun ruwan sama. A maƙabarta muka tsaya a mota a bakin katanga. Doguwar katanga, launin yashi, ba ko fure. Minti arba'in.

Temyong ya fito da ƙura har gwiwa. Ya miƙo min ’yar takarda. Ya zana wurin: daga ƙofar gabas, layi na shida, daura da turken wuta na uku. Duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa.

“Zan riƙa zuwa duk Juma'a, Malama, muddin ina ƙasar.”

“In sun sallame ka fa?”

“Sai in nuna wa wani.”

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na kira Nanay. Ba ta ɗauka ba.

Laraba, 26 ga Oktoba

Ba ta ɗauka ba. Maƙwabciyarta ta ce lafiyarta lau, tana zuwa coci da asuba, ta rufe ɗakin da aka yi wa fenti da kwaɗo.

A ƙungiyar addu'armu ta ɓoye, wadda muke yi a falon wata nas, labari ya riga ni isa. Wata ta tambaye ni ko ya halatta a sa sunansa a jerin waɗanda za a yi wa addu'a. Na ce ta tambayi Allah, in ya ce a'a ta kawo min a rubuce. Ba na jin zan koma kwanan nan.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Na cika kwalinsa. Na ƙara kofi da tawul biyu, na sa mayafin a sama. Dardumar ba ta shiga ba. Wato ban gwada ba.

Ina fushi da shi, da Nanay, da Sifaniyawa, da masu rijiyoyin mai, da ƙasar da ba ta iya ciyar da mai walda sai ta aika shi hamada. Da kaina kuma, amma wannan sai an jima.

Talata, 1 ga Nuwamba

Ranar matattu. Ita ta kira, ina tsakiyar cin abincin rana. Ina jin hayaniyar maƙabartarmu a bayanta, yara, rediyo, mai tallar gyaɗa. Ba gaisuwa.

“Ta wane gefe yake?”

“Wa, Nanay?”

“Ƙanenki. Ina tsaye a gaban babanku. Ta ina zan juya?”

Na rufe ido na ga taswirar da na rataya a aji shekara goma sha huɗu. Na ce inda rana take faɗuwa, ta ɗan karkata dama, wajen teku.

Na ji tana ce wa wani ya matsar mata da kujera. Na ji ƙarar ashana, sau uku kafin ta kama.

“Suna yarda da kyandir?”

“Ban sani ba. Ina jin ba sa yi.”

“To ba su na kunna wa ba.” Na ji ta zauna. “Na sayar da aladen. Da ransa. Kaza na dafa. Wane suna ma kika ce?”

Na faɗa mata. Ta maimaita, ba daidai ba. Ta ce sunan ba daɗi, kamar ana kiran akuya. Ta ce ita Efren ta haifa. Sannan ta tambaya ko sun lulluɓe shi sosai, na ce ƙyalle uku. Ta ce to.

Ba ta ce ta yafe min ba. Ban tambaya ba.

Bayan ta ajiye na lura da abin da na yi: na juyar da tsohuwa ’yar Katolika da kyandir ɗinta wajen alƙibla. Da yana nan da ya yi wannan dariyar tasa marar sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

An zo an ɗauki kwalin. Zai isa kafin Kirsimeti, in ji su. Wani abu dai zai koma a Disamba.

Abdulwahab ya aiko saƙo, ya je, ya zuba ruwa a kan ƙasar, an riga an yi sabbin kaburbura huɗu bayan nasa.

Da rana ba abin yi, na ɗauko littafin. Ɗigon nan da yake kaiwa sama ya dame ni, malama ba ta iya ganin kuskure ta wuce. Na gyara da jan biro, shafi uku. Don in tabbatar da gyaran sai da na koyi haruffan, ba su da wuya, ashirin da takwas ne kawai. Layin da ya bari a rabi na ƙarasa shi, saboda ba na son rabin abu.

Girlie ta shigo ta gan ni, ta ɗaga gira. “Ate, in agogo kike so ki faɗa, in saya miki.” Na jefe ta da silifa.

Ba abin da ya canza. Ban koma ko'ina ba, ban taɓa barin ko'ina ba balle in koma. Gicciyena yana wuyana.

An kira la'asar ina rubutu. Shekara goma sha ɗaya ina tashi in rufe taga. Yau biro yana hannuna, kuma iskar ba laifi.

Hannun Harun ya fi nawa kyau a harafin ƙarshe. Ban taɓa shi ba.